Ranar da Tsohuwar Motar Baba Ta Ja Sabuwa

Ƙaurin taya nake fara tunawa. Da damina ne, a hanyar Poli, sabuwar a-kori-kurar kawuna ta kafe cikin laka, ina zaune a gaba. Da safe a Garuwa na ƙi shiga tsohuwar ta Baba, na ce a gaban mutane, "Baba, wannan ai abin kunya ce."

Muna nan cikin lakar, can sai ga Baba. Ya ɗaura igiya, tsohuwar ta yi ta kuka tana hayaƙi har ta fizgo mu.

"Kar ki sauko, uwata, za ki ɓata takalmi," ya ce.

Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini ya fasa tafiyar tun da safen. Ganin hadari ne ya sa ya biyo mu.