Hoton Yaya a Bangon Ofis

A ofishin ƙungiyar Mai Fom ake ce masa, domin ko gaisawa za ku yi sai ka hango takarda a hammatarsa da biro a bayan kunne. A gida kuwa Auta ne. Abin kunyar da ya yi da sunan gida ya yi shi, shi ya sa har yau abin bai bar ransa ba.

Ƙungiyar ta agaji ce, hedikwatarta na can ƙetare inda Auta bai taɓa takawa ba. Reshenta na nan gidan haya ne mai ɗaki huɗu. An mai da falo wurin karɓar baƙi, kicin ya zama ma'ajiyar kwalaye, ga fararen motoci biyu a tsakar gida, ɗaya ta fi sanin garejin bakanike fiye da hanyar ƙauye. Auta ne jami'in da ke fita. Shi ke zama a kan benci ya rubuta sunayen mata, shi ke komawa da kekunan ɗinki, shi ke shan zagi idan kekunan ba su kai ba. Shekara tara yana wannan aiki, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi: bai taɓa cusa sunan ɗan'uwansa a jerin masu karɓa ba. Har gundurar mutane yake yi da faɗin haka.

Ɗan'uwan ma guda nawa ne? Yaya ce kaɗai. Ta girme shi da shekara goma sha biyu, kuma tun yana aji uku iyayensu suka rasu, ta ajiye komai ta kama ɗinki. Wani baƙin keke mai feda ta saya a hannun tsohon tela, da shi ta ciyar da Auta, da shi ta kai shi har jami'a. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali. A shekarun da tukunya kan wuni a kife ma, ba wanda ya taɓa ganinta a waje da zani mara guga. Takan ce talauci daban, ƙazanta daban, kada ya yarda a haɗa masa su. Duk shekara tana ɗinka masa riguna uku, kuma ba ta taɓa ɗora masa tef ɗin awo ba. Kallonsa kawai take yi ta ce, “Auta, ka ƙara tumbi,” rigar kuma ta zauna daram.

Wata Litinin cikin damina saƙo ya zo daga hedikwata. Suna son hoto biyu na mace ɗaya kafin Alhamis, ɗaya yadda take kafin a ba ta keke, ɗaya bayan an ba ta. Haka masu ba da tallafi ke so, su ga duhu sannan su ga haske. Matsalar ita ce ranar rabon kekunan kowa ya shagala da jera kujeru da gwada lasifika, ba wanda ya tuna ya ɗauki matan a halin da suke. Ga shi ruwa ya cinye gadar da ake bi zuwa ƙauyukan.

Manaja ta kira shi ɗakinta. Mace ce mai kirki, amma ranar idonta ya yi zuru-zuru, don ta san idan rahoto ya tafi ba hoto, aikin mutum goma sha ɗaya ke rawa.

Ta ce, “Mai Fom, kai ma ka san yadda ake yi. Ba ƙarya za mu yi ba, kekunan nan mun raba su da gaske. Hoto ne kawai babu. Ka nemo mace mai keke a cikin gari.”

Da ya ce a'a a nan, da an wuce wurin. Amma sai ya ce to, kuma tun kafin ya kai bakin ƙofa ya san wurin wa za shi.

Ya tarar da Yaya a shago tana kafa hannun riga. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye har ta ɗago kai.

“Auta, faɗi abin da ya kawo ka, allura na jirana.”

“Hoto nake so in ɗauke ki, Yaya. Na ofis ne. A fayil za a ajiye, ba mai gani.”

Ta yi dariya ta gyara ɗankwali. Na farko bai ba da wahala ba: ga ta a kan kekenta, ƙafa a feda, fuska cike da fara'a. Na biyun ne ya tsaya masa a wuya. Ya nuna tsohon zanin da take shimfiɗawa idan za ta yi guga, wanda dutsen guga ya ƙona a wuri uku, ya ce ta ɗaura shi. Ya ce ta cire ɗan kunne. Ya kai ta bayan shago inda ruwa ya zaizaye bango, ya ce ta zauna a ƙasa.

“A ƙasa kuma?”

“Minti ɗaya ne, Yaya. Kada ki yi murmushi.”

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta tattara zanin ta zauna. Ba sai da ta yi ƙoƙarin hana kanta murmushi ba, murmushin ya riga ya tafi da kansa.

Saura fom ɗin amincewa. Dokar ƙungiya ce, ba a amfani da hoton mutum sai an karanta masa takardar ya sa hannu, kuma Auta ne ke koya wa sababbin ma'aikata wannan doka. Takardar da Turanci take, Yaya kuwa ba ta jin sa. Ya fassara mata layin farko da na biyu, ya tsallake na ukun da ke cewa za a iya buga hoton a ko'ina a duniya.

Ta karɓi biron ta ce, “Ai don irin wannan ranar na sa ka a makaranta.” Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi.

Bayan wata huɗu kwalaye suka iso daga hedikwata. Kalanda, littafin rahoton shekara, da wani ƙaton allo na leda da ya fi ƙofa tsawo. Aka warware shi a falo, sai ga Yaya sau biyu, a hagu tana ƙasa cikin ƙonannen zani, a dama tana dariya a kan keke. Hoton ya burge su a can, sun ce ya fi na kowace ƙasa taɓa zuciya. Manaja ta sa aka kafa shi a bango, aka yi wa Mai Fom tafi.

Direban ofis, wanda ya sha sauke shi a ƙofar shagon, ya matso ya ce a hankali, “Wannan ba Yayarka ba ce?”

Auta ya ce, “Kama ce.”

Wannan amsar ta fi hoton ci masa rai. Daga ranar ya daina bi ta falo, sai ya zagaya ta kicin ya ƙetare kwalaye ya shiga ɗakinsa. Kalandar da aka ba shi ya tura ƙarƙashin kujerar mota. Shagon ma ya ɗauke ƙafa, shi da ba ya kwana uku bai leƙa ba. Idan Yaya ta kira sai ya ce aiki ne ya yi yawa. Kunyarta yake ji, ga tsoro, kuma kullum yana gaya wa kansa gobe zai je ya faɗa mata, har goben ta kai mako bakwai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata safiya mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da shi a falo. Yaya ce, ta zaci ba shi da lafiya yana ɓoye mata, ta zo da rigunansa uku a ninke cikin leda. Tana tsaye a gaban allon cikin shuɗin yadi mai karin guga, ta harɗe hannu a baya kamar mai duba aikin wani tela. Bai san tun yaushe take tsaye ba.

Ba ta juyo ba ta ce, “Auta, zo ka karanta min rubutun nan na ƙasa. Duka, wannan karon.”

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sakatariya ta daina buga kwamfuta. Ya matso, ya fassara da muryar da shi kansa bai gane ta ba: wannan mata ba ta da komai, ba ta da kowa, sai da muka ba ta keke.

“Su suka ba ni keken?”

“A'a, Yaya.”

“Ba ni da komai, wannan na yarda, an yi lokacin. Ɗayan fa? Sake faɗa.”

Ya kasa. Ta jira shi, ta ba shi lokaci sosai.

Ana cikin haka Manaja ta fito, ta dubi bango ta dubi baƙuwar, nan take ta gane. Ta rusuna ta gaishe ta, ta shiga ba da haƙuri tana cewa laifinta ne, ita ta matsa masa. Yaya ta amsa gaisuwar da mutunci, ta ce ba komai, Allah ya taimaki aikinku. Ta ajiye ledar rigunan a kan tebur ta fita, mai gadi ya buɗe mata ƙofa.

A ranar aka sauke allon. Auta da kansa ya rubuta wa hedikwata abin da ya faru, bai rage komai ba. Suka aiko masa da takardar gargaɗi, suka cire hoton daga shafinsu na intanet, amma suka ce wanda aka riga aka buga ya shiga duniya, ba shi dawowa. Bai bar aikin ba. Har yanzu shi ke fita ƙauye, sai dai abokan aiki na ƙorafin cewa fita da Mai Fom ɓata rana ne, don sai ya karanta wa kowace mace takarda layi-layi, ya tambaye ta ko ta gane, ya sake karantawa. Maganar jerin sunaye da 'yan'uwa kuwa, ba a ƙara jin ta a bakinsa ba.

Ya je shagon ya durƙusa ya roƙi gafara. Ta ce ta yafe, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Tana tambayar iyalinsa, tana aika wa 'ya'yansa kaya, har ya fara zaton wutar ta mutu. Da shekara ta zagayo lokacin riguna, ya shiga ya tsaya a gabanta yana jiran ta kalle shi ta yi masa tsiyar tumbi kamar kullum. Sai ta jawo aljihun keken, ta ciro tef da littafin da take rubuta awon masu kawo ɗinki, ta buɗe sabon shafi.

Ta ce, “Ɗaga hannu, yallaɓai.”

Ya ɗaga.