Baƙin Turmi a Bakin 'Yar Fari

Bayan an gama yaƙin basasa, kuɗin mai bai iso lungunmu ba tukuna, ina noman shinkafa a fadamar Haɗeja. 'Yata ta fari tana da shekara bakwai ko takwas. A gidanmu, da yake asalinmu Fulani ne, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Tun da aka yaye ta tana ɗakin Inna, mahaifiyata. In ina da magana da yarinyar, Inna nake gaya wa, ko da tana tsaye a gabana.

Inna ce ta fara ganin abin. Tana goge mata baki da asuwaki sai ta hangi wani siririn zane ruwan ƙasa a kwarin turmi, wato haƙoran can ciki da ake tauna da su, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ba ciwo, sai in ta sha ruwan randa ta ɗan yamutsa fuska. Yarinya ce mai son rake da mazarƙwaila, Inna kuwa ba ta hana ta komai.

Aka ce akwai likitan haƙori da ke zuwa asibitin gari daga Kano jefi-jefi, ba ya jin Hausa sai da mai fassara. Inna ta kai ta. Ni ban je ba, don a wurinmu abin kunya ne a ga uba yana rawar jiki a kan 'yar fari. Da suka dawo na tambaya.

"Inna, me aka yi?"

"Me aka yi kuwa? Ba allura, ba ƙwaya, ba a cire komai ba. Ya tsane wurin, ya tsoma auduga a wani ruwa ya shafa, shi ke nan. Wai a rage rake, a riƙa asuwaki safe da yamma. Asuwaki! Ni zai koya wa asuwaki?"

Ba a jima ba wurin da aka shafa ya koma baƙi ƙirin kamar gawayi. Inna, wadda fure da goro suka rine mata haƙora jawur, ta leƙa bakin ta ce, "Mu dai ja muka sani ado ne. Baƙi kuma adon wace ƙasa ne?"

Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce tsutsa ce ta ji magani ta nutsa ciki. Wani ya ce ruwan ne ya ƙone haƙorin. Maƙwabcina ya rantse alama ce likitan ya sa, kamar yadda ake yi wa itacen da za a sare, in ya dawo ya san wanda zai cire. Likitan kuwa bai dawo ba, damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya yanke hanya. Ni na yi ajin yaƙi da jahilci, don haka sai aka zuba mini ido in yanke shawara. Na yi lissafina: yarinya tana famfara, na gaba sun zube sun sake fitowa. In aka cire baƙi, fari zai maye gurbinsa.

Ranar da na gaya wa Inna, kamar na ji wata ƙaramar murya daga bayanta ta ce, "Ai ya ce zai yi baƙi." Na kau da kai, yadda aka koya mini.

Wanzaminmu ya zo da kayansa. Ina daga zaure ina jin ihunta. Na dama ya cire, ya ce na hagu sai wurin ya warke. Ya fito ya wanke haƙorin, ya jujjuya shi, ya kankare baƙin da bakin aska, ya sake kankarewa.

"Malam, wannan fa ba ruɓaɓɓe ba ne. Dutse ne. Kuma dubi tsawon saiwarsa, na famfara ba ya yin haka."

"To me ya sa ka cire?"

"Kai ka ce in cire. Da aski ka ce, da aski zan yi."

Ban sake kiransa ba. Na zauna jiran sabon haƙori, ga shi ba ni da bakin cewa ta buɗe in gani. Sai in ce, "Inna, ya fito?" Ta ce, "Tukuna." Har na daina tambaya.

Yanzu 'yar tawa ita ma ta yi jikoki, tsufa kuma ya cinye kunyar. Kwanaki ta zo gaishe ni, na tambaye ta ko da gaske ta yi maganar nan, cewa likita ya ce zai yi baƙi.

"Na faɗa mana, Baba. Ai a gaban Inna mai fassara ya faɗa."

Inna kuwa har Allah ya karɓi ranta tana rantsuwa ba wanda ya ce musu haka. Ni kaina ban san ko ji na yi ba, ko daga baya zuciyata ta ƙirƙiro muryar. Ban kuma san abin da ya tsare na hagun ba, ruwan likita ne, ko asuwakin Inna, ko tsoron wanzami da ya sa ta rage zaƙi.

Na ce, "Yana nan?"

Ta ɗauki gaɓar rake daga faranti, ta juya ta ɓangaren hagu, ta gatsa.

"Yana nan, da baƙinsa."