Irin Cittar Mama

Mahaifinmu ya bar mana sana'ar sayen citta a kasuwar Kafanchan, ya kuma bar mana doka guda: idan manomi ya kawo irin da ya ajiye don shuka, kada a ɗora shi a sikeli sai an tambaye shi dalili sau uku. Ni na karya dokar nan, kuma a kan matar da ta sha goya ni ina jariri.

Mama muke ce mata. Manomiya ce daga gindin dutsen Kagoro, tun ina rarrafe take kawo wa mahaifinmu kaya. Shekarar da cuta ta ruɓar da cittar mutane, Allah ya tsare mata gefen gonarta, iri kuwa ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kowa na ɓoye nasa a inuwa yana jiran ruwan fari, sai ga Mama da buhu shida.

Na ce, "Mama, lafiya? Wannan ai iri ne."

Ta zaro waya tana murmushi. "Yarona, duba. Kirifto ne, kuɗin intanet, can zan zuba. Kuɗi yana haifuwa kowane safe."

Ashe wata 'yar ƙungiyar zumuntar mata ce ta ba da shaida a cocinsu, cewa ta zuba kaɗan ta kwashi da yawa. Ita ma baiwar Allah ba ƙarya ta yi ba. Da gaske 'yan damfarar suka biya ta, don ta jawo musu sauran. A wurin Mama kuwa, abin da aka faɗa a gaban jama'ar Ubangiji ya wuce bincike.

Na kalli lambobin da ke hawa a wayar, na tsokane ta: "Kuɗin da ba ya shan ruwa, ba ya cin taki, me yake ci yake ƙiba?"

Ta kwashe da dariya. Tambaya ta biyu ke nan. Ta ukun ta zo mini har baki, na haɗiye ta, don idona ya riga ya hango riba. Na auna, na biya.

Ba a yi wata ba aka ce wa Mama sai ta ƙara kuɗi kafin ta cire waɗanda ta zuba. Ta ƙara. Daga nan shafin nasu na intanet ya ƙi buɗewa, lambar mutanen ta mutu.

Da ruwa ya sauka na ɗaure buhu biyun da suka rage mini cikin shidan nata a babur, na nufi Kagoro, kunya kamar ta kashe ni. Na tarar ta gyara gonar tsaf, ga ciyawar rufe shuka a tare, babu abin shukawa.

Ta kwance bakin buhu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya tana shafa tsiron da yatsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

"Ranan nan zuciyana bai kwanta ba," in ji ta. "Na tsaya ina jira ka tambaye ni na uku, kaman babanka."