Ranar da aka ɗura wa esi ruwa

Shekarar da tumatir ya yi daraja, maigidana ya sa aka sauke rufin ƙasa na ɗakina aka buga kwano. Wai ci gaba. Da bazara ta shigo, ɗakin ya koma tanda. Ni zan iya daurewa, amma lokacin mahaifiyata tana kwance a wurina, hawan jini ya kayar da ita, ba ta juyawa sai an juya ta. Gumi ya dinga jiƙa mata baya har fatar ta fara salewa, barci kuwa ya gagare ta.

Maimakon ya ce ya yi kuskure, sai ya tafi Kano ya kinkimo esi na gwanjo, na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda ake fasa bango a cusa. Da farko yakan ɗan yi sanyi duk sanda aka kawo wuta, daga baya ya koma gurnani yana huro iska mai ɗumi.

Na ce, “Malam, wanda ya sayar maka ya turo mai gyara mana.”

Ya ce, “Ke, kuɗin motar ɗan birni kaɗai ya sayi taki. Ga namu nan a bakin kanal.”

Namun nan shi ne bakaniken da ke gyara wa manoma injin ban ruwa, abokin hirarsa. Na tambaya ko ya taɓa gyara esi. Maigidana ya ce ai inji inji ne. Lokacin ban shiga makarantar manya ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ban kai su jahilci ba.

Mutumin ya zo hannu duk baƙin mai, ya durƙusa ya gaida tsohuwa. “Sannu Inna, yau har bargo za ki nema.” Ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya kara kunne kamar likita.

“Malam, iska ya sha. Ka san inji ba ya ja sai an fara ɗura masa ruwa. Hajiya, a ba ni buta.”

Na ce, “Butata ba ta zuwa nan. Gonar shinkafa ka gani a bangon?”

Maigidana da kansa ya ɗauko, da hannunsa ya miƙa. Aka ɗura, aka kunna. Sai ƙara, sai tartsatsi, sai hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Inna tana tari, ba halin tashi. Gwanin kuwa ya riga kowa zuwa tsakar gida, takalminsa ɗaya a ciki. Daga can ya ce dama kayan gwanjo ba su da amana, kuma wai maigidana ya gyaɗa kai!

Na nufi tsohon soron bayan gida inda yake ajiyar albasa, na jawo buhunan waje, na share, na yayyafa ruwa a daɓe. Ni da maƙwabciyata muka ɗauko Inna a tabarma.

Maigidana ya biyo ni yana ɗaga murya. “Albasar fa? Rana za ta dafa ta!”

Na ce, “Kai ta ɗakin ci gaba. In ta ji zafi, abokinka ya ɗura mata ruwa.”

Inna ta yi barci tun azahar har sai da na tashe ta sallar la'asar. A soron nan bayanta ya bushe. Esin kuwa yana nan a bango, tattabaru sun samu gida.