Yadda Na Koyi Zana Ruwan Kogi

A gidanmu na Haɗejiya ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar aiki ce. Kakata, wadda muke kira Dada, turara shinkafa take yi ta sayar. In an kawo shanshera daga Auyo bayan girbi, sai ta ɗora rabin duro a murhu tun la'asar, ta zauna gadinsa har a yi isha'i. Mu jikoki hayaƙin muke bi, don shi kaɗai ke korar sauro. Lokacin ina firamare, a farkon shekarun tamanin.

Dada Bafulatana ce. Shanun mahaifinta sun ƙare tun tana budurwa, suka shigo gari suka zauna. Ban taɓa ganinta ba gajiya a fuskarta ba. Idanunta kullum jajaye ne saboda hayaƙi, kuma sau da yawa tana tsakiyar labari sai mu ji shiru, mu duba mu ga gyangyaɗi ya ɗauke ta da muciya a hannu. Sai mun yi ta naci kafin ta ce, “To ku matso, ga wata nan ta taho da ƙafarta.” Mu kuma mu ce, “Ta ƙaraso, mun ba ta wuri.”

Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa, ina jin don gajeriya ce. Wai an yi wani gari da ke nesa da kogi kamar tafiyar hantsi, amma rumbunan mutane suna can ƙasa kusa da gonaki. Mai gari ya sa wani mutum, ana ce masa Mai-ido, ya riƙa zuwa bakin kogi kullum da damina yana kawo labari. Mai-ido ba ya ƙarya, ba ya kuma mantuwa. In ya dawo sai ya tsaya a dandali ya fara: jirage nawa suka wuce, wane masunci ya karya filafili, wace bishiya ta faɗi, ruwa ya ƙaru da taƙi ɗaya, an ga mushen akuya, balbelu sun koma tsallake. Haka zai yi ta yi har rana ta take. Da farko ana sauraro, daga baya kowa ya riƙa zamewa.

Yana da ƙanwa bebiya da ke binsa tana yankan kaba. Ita ba ta da bakin magana, sai ta samo dogon kara. Kullum ta jingina shi da wata giyayya a bakin ruwa, inda ruwa ya jiƙa ta ɗaura zaren kaba. Can sama kuma ta ɗaura jan ƙyalle, daidai tsayin da in ruwa ya kai zai shiga rumbuna. In ta dawo ta kafa karan a wurin da mata ke daka, ta tafi abinta.

A nan Dada kan jawo toka da ƙafa, ta ɗauki tsinke ta zana mana karan. “Ga na jiya, ga na shekaranjiya. Kun ga suna manne? To ga na yau, ya yi tsalle. Ga jan ƙyalle a nan. Ke Adama, in ke ce me za ki yi?”

Na ce, “In kwashe hatsina.”

“Haka matan suka yi.” Suka kwashe abin da ke rumbunansu suka kai tudu, maza na yi musu dariya. Bayan kwana uku ruwa ya zo ya cinye sauran. Mai-ido ya tsaya a dandali yana kuka yana cewa ai ya faɗa, ya faɗa kullum. Kuma da gaske ya faɗa.

Na tambaye ta, “Dada, to laifin wa ke nan?”

Ta yi hamma ta ce, “Wa ya ce miki da laifi? Gaskiya ya faɗa, sai dai ya cusa ta tsakanin akuya da balbela. Ta ƙare, ta koma inda ta fito. Tashi ki miƙo mini ƙwarya, shinkafar nan ta yi.”

Ban ɗauki labarin a bakin komai ba. Na fi son masu aljanu da waƙa.

Dada ta rasu ina sakandare. Da na gama, na yi kwas na buga keken rubutu, aka ɗauke ni aiki a tsakiyar shekarun casa'in a wani ofishi da ke lura da ruwan kogi. An kafa ginshiƙai masu lambobi a cikin ruwa a wurare da dama, daga sama da Auyo har zuwa Kirikasamma. Masu dubawa su karanta inda ruwa ya tsaya, su rubuta a littafi, su kawo mana a kan babur. Aikina shi ne in kwafe lambobin. Shafi bayan shafi, har in na rufe ido lambobi nake gani.

Wanda ya koya mini mayar da lambobi zane shi ne Mista Bulus, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna mai fama da ciwon baya. Ya ba ni takardar giraf, mai ƙananan gidaje, ya ce in jera ranaku a ƙasa, tsayin ruwa a gefe, kowace rana in ɗiga ɗigo ɗaya, sannan in haɗa ɗigon da layi. Ji ake kamar wasan yara, amma na sha wuya. In ma'aunin gefe bai fara inda ya dace ba, ƙaramin motsi sai ya zama dutse. In na manta rubuta sunan wuri, sai ya ture takardar ya ce, “Adama, wannan kogin wace ƙasa ne? Sake.” Akwai kwamfuta guda a lulluɓe da zane, tana iya fitar da irin wannan cikin minti kaɗan, amma wuta ba ta zama. Sau nawa ina gab da gamawa ta ɗauke, komai ya tafi. Na koma hannu, har yatsana ya yi kanta.

Sai shugaban ofis ya ce yana son babban allo a ƙofar shiga, wanda duk mai shigowa zai ga halin da kogi ke ciki. Aka ba ni aikin. Makonni na yi a kansa. Na zuba duk abin da na koya: layuka, sanduna masu nuna ruwan sama, da'irori da aka yanka kamar kankana masu nuna abin da ake shukawa, kowane da launinsa. Mista Bulus ya kalla ya ce, “Ya yi yawa.” Shugaba ya kalla ya ce ya yi kyau ƙwarai. Na zaɓi in ji ta shugaba.

Cikin watan Agusta wani manomi ya zo daga Auyo, Malam Hudu, shi ne babba a cikin masu noman shinkafa a fadamar ƙasa. Ya tsaya gaban allon da laka a ƙafarsa, ya daɗe. Sannan ya ce, “'Yata, mun ji za a saki ruwa daga madatsar sama. Zai shiga gonakinmu ko ba zai shiga ba?”

Na fara yi masa bayani daga kusurwar sama. Wannan ruwan sama ne na bara, wannan na bana, wannan yawan masu dasa albasa. Ya saurara da haƙuri irin na dattawa, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, “Allah ya yi albarka, kin yi ƙoƙari.” Ya hau baburinsa ya tafi.

Ba a yi kwana goma ba ruwa ya sauko. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ya saba bi, sai ya fasa ya shiga fadamar ƙasa. Shinkafar Malam Hudu da ta maƙwabtansa ta nutse tana gab da fitar da kai. Da sun sani, da sun tara ƙasa sun ɗaga gaɓa, aikin kwana huɗu ne ga jama'a.

Da labari ya iso, na je na tsaya gaban allona. A kusurwar ƙasa ta hagu, akwai wani siririn koren layi, na ginshiƙin da ke sama da Auyo. Ya yi mako yana hawa. Da hannuna na ɗiga kowane ɗigo. Na koma na zauna a benci. Mista Bulus ya zo ya zauna kusa da ni, ya dafe baya ya ce, “Kar ki ɗauka ke kaɗai. Ni ma kullum ina wucewa ta gabansa, ban gani ba.”

A bencin nan ne Mai-ido ya faɗo mini a rai. Ina yarinya na ɗauka labarin yabon bebiyar ne, mai wayo. Sai ranar na gane ashe tausayin yayanta Dada ke ji. Mutum ne da ya yi aikinsa da gaskiya, ya gaji, ya kasa barin komai a baya don yana ganin duk abin da ya sha wuya ya gano dole a ji shi. Waɗanda yake gaya wa kuwa su ma gajiyayyu ne, tambaya ɗaya ce a ransu. Har yau, cikin duk abin da na koya a wannan sana'a, cirewa ya fi mini wuya. Zanen da na kwana uku ina yi, in sa hannu in yage shi don ba shi ne amsar ba.

Da ruwa ya ja, muka shiga jirgi ni da Mista Bulus muka je Auyo. Malam Hudu bai yi mini ko kallon banza ba, wanda hakan ya fi mini ciwo. Ya zaga da mu ya nuna tabon ruwa a jikin bishiyoyi, ya gaya mana ranar da ruwan ya fara tsallake gaɓa. Muka dawo muka duba littafi, muka gano lambar da ginshiƙin ya nuna a ranar. Na samu faifan katako na ja jan layi a wannan tsayin, daga gefe zuwa gefe. Ban da shi sai layi guda, baƙi mai kauri, na ruwan yau da kullum. Na rubuta Auyo a sama da boko da ajami.

Shugaba ya ƙi a sauke babban allon, wai baƙi daga Dutse suna yabonsa. Na katakon kuma ya ce ya yi kama da aikin 'yan aji ɗaya. Aka rataye shi a baya, a rumfar ajiye babura. Don haka na koma aiki biyu: in ciyar da allon baƙi, in zagaya in ƙara ɗigo a na rumfa. Damina ta sake zagayowa ina haka, ba wanda ya ce sannu, wasu ranakun ma ina tambayar kaina ko akwai mai dubawa.

Wata safiya ina tsugune ina ƙara ɗigon ranar, na ji babur ya tsaya a bayana. Malam Hudu ne. Bai kashe injin ba. Ya sauko ya ɗora yatsu biyu tsakanin bakin baƙin layi da jan layi, ya dubi ɗigon jiya, ya dubi na yau. Ya juya ya haye babur, ya fita da gudu har ya kusa kwashe kajin mai gadi. A wannan makon suka ɗaga gaɓa. Ba duka gonakin suka tsira ba, amma an yi girbi a fadamar ƙasa.

Mista Bulus yana tsaye a bakin taga lokacin da babur ɗin ya fita. Ya leƙo ya ce, “Adama, ya gaishe ki?”

Na ce, “Ko sallama bai yi ba.”

Ya ce, “To yau kin iya aikin. Zo ki kwafe na Kirikasamma, sun kawo littafi.”