Aubrey Utting da Sunayen Inna Keziah

Da Aubrey Utting ya mutu, limamin cocinmu ya aiko a tambaye ni ko zan ce wani abu a kansa, tunda mijin ƙanwata ne. Na ce a gaya masa maƙogwarona na ciwo. Lafiyata ƙalau. Na dai san in na buɗe baki a gaban akwatin gawar nan, abin da zai fito ba na cikin coci ba ne.

Aubrey ɗan ƙauyenmu ne, Thornsey, a gaɓar tekun Norfolk a Ingila. Ubansa gyaran takalma yake yi, mutumin kirki. Aji ɗaya muka zauna da Aubrey har muka kai shekara sha huɗu, ni na bi mahaifina kamun ƙaguwa, shi kuma daga baya aka tura shi kwalejin horon malamai. Shekara biyu kacal ya yi a can, ya dawo mana da tabarau da sabon harshe. Maganar da ya sha a nono ta zama abin kunya gare shi. In ka gaishe shi irin gaisuwarmu, sai ya amsa maka kamar mai karanta labarai a rediyo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a makarantar ƙauyen. Muka sa masa suna Malam Ƙamus, muna faɗa a bayan idonsa, da labari ya kai masa sai ya ɗauka yabo ne. Abin da ƙanwata Dulcie ta gani a jikinsa har ta aure shi, har yau ban gano ba.

Cutarsa ɗaya ce, asalin kalmomi. Ba ka isa ka ce a miƙo maka tsumman goge ƙasa ba, wanda muke kira dwile, sai ya sanar da kai cewa daga bakin mutanen Holan muka aro kalmar. Kowace kalma yana da 'yar takardarta, takardun kuma na jere cikin kwalayen takalma har kusa da rufin ɗakinsa. In an zauna cin abinci aka kawo samphire, ganyen fadamar nan mai gishiri da matanmu ke tafasawa a ci da man shanu, sai ya ɗaga cokali mai yatsu ya soma.

"Kun san sunan nan daga Faransanci ya fito? Ganyen Waliyyi Bitrus ke nan. Wasu kuma na ce masa glasswort, don a da ana ƙona shi a haɗa gilashi da tokarsa."

"Ci abincinka, Aubrey," in ji Dulcie. "Sau ɗari ka gaya mana, kuma ga shi yana hucewa."

Ban ce ƙarya yake ba. Duk abin da ya faɗa yana cikin littafi. Abin dai shi ne, mutumin nan ya san kakan kakan sunan kowane ganye, amma ka ajiye masa ganyen a gabansa ba zai shaida shi ba.

Wata shekara da zafi, 'yan hutu daga Landan suka nemi wanda zai zaga da su fadama, Aubrey ya ce ai ga shi. Ya sa farin wando. Ya tsaya gabansu yana bayani a kan marram, doguwar ciyawar da ke riƙe tudun yashi kada iska ta kwashe shi, wai mutanen arewacin Turai masu jiragen ruwa na yaƙi ne suka zo da kalmar shekaru aru-aru, rabinta na nufin teku, rabinta kara. Bayani ya yi kyau. Sai dai abin da yake nunawa da sandarsa wata ciyawar bakin lambatu ce wadda ko jakin mai madara ya san ba ita ba ce. Yana ja da baya don baƙi su gani sosai, sai ga shi cikin taɓo har cinya. Mahaifiyarmu, Inna Keziah Gotts, tana nan kusa da kwandonta. Ta miƙa masa ƙotar manjagara.

"Kwanta, Aubrey! Baje jikinka, ka daina wutsil-wutsil, ƙara nitsewa kake yi."

"Misis Gotts, wandona..."

"Wandonka ya riga mu gidan gaskiya. Kama nan!"

Misis Gotts. Haka yake kiranta tun ranar aurensa har ta koma ga Mahaliccinta, bai taɓa ce mata Inna ba.

Inna ba ta iya rubuta komai ba sai sunanta, shi ma sai ta ciji harshe. Amma ita ce ta ƙarshe cikin matan da suka tashi a fadamar nan suna cin abinci da ita. Kowane abu a can yana da suna a bakinta. Taɓon da ke riƙe ƙafa sunansa daban, wanda ke sakinta daban. Akwai sunan 'yar iskar da ke kaɗawa gab da ruwan teku zai juyo, wadda in ka ji ta ka tattara kwandonka ka gudu. Akwai sunayen ganyaye da furanni da ko a littafin Aubrey babu hotonsu. Mu 'ya'yanta mun ji su muna yara, wasu sun zauna, yawanci sun bi iska. Jikokinta kuwa dariya suke mata.

A shekarar 1954, tana da shekara saba'in da tara, idonta ya fara dushewa. Wata Lahadi bayan an taso daga coci ta tare shi a ƙofar gida.

"Aubrey, kai ne mai alƙalami a danginmu. Ina da sunaye a kaina, na kakata ne, ita ma na kakarta ne. Yaran nan ba mai faɗinsu. Ka zo ka kwashe su tun ban tafi da su rami ba."

Har ga Allah ya yi murna, mu ma muka yi. Duk lokacin sanyin nan, kowace Lahadi da rana, suna zaune a kicin ɗinta da tukunyar shayi tsakaninsu. Ba ta cire hular zuwa cocinta, wai aikin ilimi ake yi. Ta faɗi suna, ta faɗi abin da ake nufi da shi da inda yake fitowa da watan da yake fure, shi yana rubutawa, kowanne da 'yar takardarsa. Cikin mako in wani ya faɗo mata tana wanki, sai ta ƙulla zare a yatsa don kada ya tsere kafin Lahadi. Da sanyi ya wuce sun tara kusan ɗari uku. Ranar da suka gama ta cire hular ta ajiye, ta ce, "To, na sauke kaya." Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na ranar ba.

Ni ma na iya rubutu, Dulcie ma ta iya. Ba wanda ya yi tunanin kwafe ko shafi ɗaya. Muna da malami a gida, me za mu yi da fensir?

Wata rana na tambaye shi yaushe littafin zai fito. Ya gyara tabarau.

"Ba haka ake yi ba, Reuben. Kalma in ba ta da shaida a rubuce, ba kalma ba ce, surutu ne. Dole in same ta a tsohon littafi, in ga shekarar da aka fara rubuta ta, in san daga wane harshe ta fito."

"In ba ka same ta ba fa?"

"To ba ta da asali ke nan."

"Kakar Inna fa? Ita ba asali ba ce?"

Ya yi mini irin murmushin da yake wa yaron da ya kasa lissafi. Ni kuma, wawa, na yi dariya na tafi wurin kwalekwalena.

Shekara biyu da rabi yana hawa jirgin ƙasa zuwa Norwich, wani lokaci har Landan, yana shaƙar ƙurar ɗakunan karatu. Mutumin da bai taɓa taka mil guda ya ga inda furen yake ba, ya yi tafiyar mil dubbai neman wanda ya rubuta sunan furen. A cikin wannan lokacin Inna ta makance gaba ɗaya, ta kwanta, tunaninta ya fara yoyo. In ka tambaye ta sunan wani abu sai ta ɗaga hannu ta ce, "Suna wurin Aubrey." Hankalinta kwance.

Da kaka, a 1957, na je gidansu cin abincin Lahadi. A gidan Aubrey ba a zubar da takarda, kamar kowane gida a ƙauyenmu: a murɗe ta siririya a zuba a gwangwani a kan murhu, a riƙa ɗibar wuta da ita. Na zari guda zan kunna lofena, sai bakinta ya warware. Rubutunsa ne, ƙanana, tsaf-tsaf. Kalma ɗaya a sama, a ƙasa an rubuta, "K. Gotts ta ce: ganyen da ake ɗaura wa wanda ƙaya ta kifi ta soka." An ja mata jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na juye gwangwanin a tebur. Saura bakwai, na zuba su a aljihu.

"Aubrey, mene ne wannan?"

"Waɗanda ba su ci jarrabawa ba ne."

"Sauran fa? Ina sauran?"

"An yi amfani da su mana. Tun bara muke kunna wuta da su. Kai kanka ka sha kunna lofenka da su." Ya ci gaba da yanka namansa. "Tacewa na yi, Reuben. In na bar su cikin kwali za su gauraye da na gaskiya, wani ya zo ya ɗauka ingantattu ne. Sunana ne a kan aikin."

Dulcie ce ta riƙe mini hannu don kada in kai masa duka. Ba ta sani ba. Da hannunta ta riƙa kunna murhu da su kowace safiya, ba ta taɓa warware ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ko kunya bai ji ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi a ganinsa shara ya yi, har yana jiran a ce masa sannu.

Littafin ya fito a watan Disamba, shafi arba'in, da sunansa ɓaro-ɓaro a bango. A gabatarwa ya gode wa ma'aikatan ɗakunan karatu ɗaya bayan ɗaya. Sunan Inna babu. Cikin kusan ɗari ukun da ta ba shi, ashirin da uku ne suka samu shiga, don wani masani mai gemu ya taɓa rubuta su kafin a haife ta. Da wannan 'yar ƙasidar ya ci abinci sauran shekarunsa goma sha huɗu, yana yawon ƙauyuka yana lacca, matan coci na tafa masa.

Inna ta ji labarin littafi ya fito, ta ce a zo a karanta mata. Aubrey ya ce yana da taro. Muka hau ɗakinta da rana, ni da Dulcie. Ta sa aka jingina ta da matashi, aka gyara mata gashi. Ta karɓi littafin ta shafa bangonsa, ta auna shi a tafin hannu.

"Bai da nauyi," ta ce.

"Rubutun ƙanana ne, Inna," in ji Dulcie.

Ta fara karantawa, tana tsallake Faransancin da Latin ɗin. Kowane suna ta faɗa, Inna ta gyaɗa kai ta maimaita, wani ta yi dariya ta ce, "Wannan a bayan tsohuwar madatsa yake fitowa." Kafin shayi ya huce ashirin da ukun sun ƙare.

"Sai kuma?" in ji Inna.

Dulcie ta dube ni. Na zaro takardu bakwai ɗin nan daga aljihu na miƙa mata a hankali, ta karanta su. Da suka ƙare ta ƙura wa littafin ido ta ci gaba da ka, tana lalubo abin da ta ji tun tana yarinya. In ta tsaya sai in matso in raɗa mata wanda na tuna. Muka samo goma. Muka samo sha biyar. Sai Dulcie ta maimaita wanda ta riga ta faɗa, ta sake maimaita wani.

Inna ta daina gyaɗa kai.

"Rufe shi, Dulcie," ta ce. "Tun ɗazu ban ji kin juya shafi ba."

Ta daɗe kwance, makafin idanunta na kallon rufi. Can ta ce, "Ba komai, a kawo fensir, mu sake. Akwai wani ɗan fure ja-ja da ke fitowa inda ruwa ke tsayawa, kakata tana ce masa..."

Leɓɓanta suka motsa. Ta sake gwadawa, suka sake motsawa, babu abin da ya fito. Sai ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Reuben, kai fa? Kai ne kake tsinko mini shi kana ƙarami. Me ake ce masa?"

Ina ganin furen a idona, har da ƙamshinsa. Na buɗe baki, ni ma babu.