Gidan da Oga Ifeanyi Ya Ƙi Saya

Oga Ifeanyi bakanike ne a Kakuri, kuma ya daɗe yana haya a gidan mahaifina a unguwar Television. Tun ina firamare na buɗe ido na gan shi a ɗakin da ke kusa da rijiya. Hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji, ko ranar Lahadi ya sa farar riga zai tafi coci sai ka hango baƙin a ƙarƙashin farcensa. Yana ɗan shekara sha biyar kawunsa ya kawo shi Kaduna daga wani ƙauye a Anambra don ya koyi gyaran mota. Hausa ta zauna a bakinsa har yana tsokanar direbobi da ita, tuwon masara da miyar kuka kuwa ya fi ni ci. Amma in ka tambaye shi ina ne gida, sai ya ɗaga sifana ya nuna kudu.

Matarsa, Anti Nkechi, ita a Sabon Tasha aka haife ta, a nan kuma aka binne iyayenta. Gwanjon kayan yara take sayarwa. Shekara biyar tana wanke rigunan jarirai tana shanyawa don 'ya'yan wasu, kafin Allah ya ba ta nata cikin a 2003. Duk gidan muka yi murna. Mamata har hana ta jan ruwa ta yi, ta ce ni Becky in riƙa ja mata.

A shekarar ne aka sallami mahaifina, Baba Filibus, daga masaƙa. Ya ce shi kam birni ya ishe shi, zai koma Kwoi ya yi noman citta. Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ina tsintar wake a gindin gwaiba, ya kira Oga Ifeanyi ya tura masa kujera.

"Ifeanyi, gidan nan zan sayar, kuma kai nake so ka saya," in ji Baba. "Dillalai sun zo sau uku na kore su. Matarka ta kusa sauka. Kada yaron nan ya zo duniya ya tarar da ubansa a hannun mai gidan haya. In ba ka da shi duka yanzu, ka riƙa kawowa a hankali, ba na sauri."

Kowa a gidan ya san yana da halin saya, don a lokacin garejinsa ba ya rabuwa da motoci. Ya daɗe yana murza hannu kafin ya amsa.

"Baba, na gode, Allah ya saka. Amma ka ga rikicin da aka yi shekara uku da suka wuce. Shagon kawuna na tsallaken kogi, ko ƙusa ba mu ɗauka ba. Mota in wuta ta tashi zan tuƙa ta in gudu. Gida fa? A kai zan ɗora shi? Abeg, Baba, bari in yi nawa a ƙauye."

Ba zan ce tsoronsa ƙarya ba ne, mu ma mun ga rikicin da idonmu. Sai dai ba tsoro kaɗai ba ne. A taron 'yan garinsu da suke yi ƙarshen kowane wata, wanda bai aza bulo a ƙauye ba ko ya yi magana ba a juyowa a kalle shi, kuma abin yana cin ran Oga Ifeanyi. Ni dai haushinsa ya cika ni a ranar, har yau ma bai gama sauka ba.

Anti Nkechi ta ji komai ta taga. Kwana uku suna magana da yarensu, ba na jin ko kalma ɗaya, amma na san muryar mai roƙo in na ji ta. A rana ta huɗu ta shigo wurin mamata da ƙafafunta a kumbure, ta zauna a kan turmi.

"Mama, ki yi masa magana. Yana cewa mu gudu gida, ni ina ne gidan? Nan aka haife ni. So nake in buga ƙusa a bango ba tare da na nemi izinin kowa ba. So nake yaron nan in ya yi kuka kada wani ya buga mana ƙofa."

Mama ta yi masa magana, Baba ya sake yi, har fasto aka sa a ciki. Shi dai sai godiya da murmushi, amma bai motsa ba.

Baba ya jira har ta haihu. Mace ce, aka sa mata Ozioma. Da yake Anti Nkechi ba ta da uwa a raye, mamata ce ta yi mata wankan jego, ta gasa wa jaririyar cibiya. Ranar da aka kai yarinyar coci aka dawo, Baba ya ja Oga Ifeanyi gefe ya tambaye shi karo na ƙarshe. Sai ya zaro hoto daga aljihu ya miƙa masa yana fara'a. Harsashin gini ne a cikin jar ƙasa, ga itatuwan kwakwar manja a baya. Baba ya kalla, ya ce Allah ya sa albarka, ya mayar masa.

Wani mutum mai babbar mota ne ya sayi gidanmu. Ya ba 'yan haya wata shida su tashi, ya sare gwaibar, ya mai da ɗakunan gaba shaguna. Ozioma ba ta fara rarrafe ba aka ɗora gadonta a bayan akori-kura.

Daga nan sai tashi ya zame musu sana'a. Na ƙirga, sau bakwai suka sake gida. Wannan mai gida ɗansa zai yi aure yana son ɗakin, wancan ya ƙara haya, wani kuma rufinsa yana yoyo ya ce in ba su so ga hanya nan. Ozioma ta yi makarantar firamare huɗu. Kabad ɗin auren Anti Nkechi a tashi na uku ƙafarsa ta karye, aka riƙa tokare shi da bulo. Ta daina kwance wasu kwalaye ma gaba ɗaya, ta ce wahalar ɗaurewa ta fi ta nema.

Can ƙauye kuwa gida yana ta tashi, amma a hankali. Bene ne mai ɗaki takwas, saboda na wani ɗan garinsu mai shida ne. Bana a yi rufi, baɗi a sa ƙofa, wata shekarar damina ta ɓata abin da aka yi a sake. In sun je Kirsimeti a ɗakin tsohuwarsa suke sauka, su leƙa ginin su dawo. Yaran dangi suna kiran Ozioma 'yar Hausa, ita kuma tun rana ta biyu take fara tambayar yaushe za a koma gida.

Bayan na yi aure na buɗe shagon ɗinki a Kamazou, sai ya kasance haya ta bakwai kusa da ni suka kama. Anti Nkechi takan zo ta zauna a bencina muna hira. Ba ta taɓa zagin mijinta a gabana ba. Sau ɗaya dai muka bi ta Television a Keke, da muka zo daidai tsohon gidanmu ta juya kai ɗaya gefen har muka wuce.

Bara hawan jini ya kayar da ita a kasuwa, kwana biyu a asibiti ta cika. Mai gidan da suke haya ya ce kada a kafa masa rumfa a ƙofar gida, don haka a harabar coci muka karɓi gaisuwa. Dangin miji suka ce ba za a kawo gawa gidan da ba a gama ba, mutane za su yi dariya. Aka ajiye ta a ɗakin ajiye gawa wata biyu. A cikin wata biyun nan aka sa tagogi, aka shimfiɗa tayil, aka yi fenti ciki da waje. Aikin da ya gagara shekara ashirin ke nan.

Na bi motar matan coci muka je ƙauyen. Gida ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har warin fenti bai gama fita ba. A tsakiyar falo aka kwantar da ita mutane suna zagayawa suna kallo, wasu na ga idonsu ya fi zuwa kan silin. Aka binne ta a cikin gidan, kusa da katanga. Na yi kuka har muryata ta dushe, rabin kukan kuma na takaici ne.

Ozioma ta dawo tare da mu, don a Kaduna take aikin jinya. Oga Ifeanyi ya ce shi ya zauna a ƙauye ke nan, ya dawo gida.

Wata uku bayan haka na je Kakuri sayen zare, sai na hango ƙafafun da na sani a ƙarƙashin wata tsohuwar bas. Ya jawo jiki ya fito da ƙyar, furfura ta cika masa kai. Ya ce ɗaki ɗaya ya kama a Television.

"Baban Ozioma, ba ka ce ka zauna ba?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Becky, can ban san kowa ba. In na yi mafarki ma da Hausa nake yi." Sannan ya ce, "Ta roƙe ni, kin sani, kina wurin. Na kai ta inda ba ta taɓa son zama ba, na kulle ƙofa, na baro ta can ita kaɗai."